Makin Da Na Roƙar Wa Mijina

Ranar Talatar da mijina ya kara da ƙanena a Abuja, ina gida a Gummi ina turara shinkafar da zan kai inji. Ƙarfe goma na safe na ɗora tukunya a wuta, na ɗauko waya na zauna a kan turmi, ina ce wa kaina awa biyu ne dai a gama, kowa ya huta.

Sunan mijina Mas'ud. A takarda ne nake iya rubuta shi gatsal haka, a baki Baban Hure nake cewa. Sana'arsa tanis, wasan nan na mutum biyu da raga a tsakaninsu, kuma da shi yake ci da mu in an haɗa da 'yar fadamar da ya gada. A Kaduna ya koya, a barikin da kawunsa ya yi aikin soja. Da ya dawo gida bai tarar da fili ba, sai ya samu dandalin simintin da ake shanya shinkafa a bayan injin casa, ya ja layuka da farar ƙasa, ya ɗaura tsohuwar ragar masunta a tsakiya. In kaka ta yi shinkafa ta karɓe wurinta, shi kuma ya koma bugun bango har a kwashe.

Mutanen Gummi ba su taɓa ɗaukar abin da daraja ba. Namiji da gemunsa, cikin gajeren wando, yana bin ƙwallon da ba ta kai lemo ba. Shekara da shekaru yana haɗiye dariyarsu, ni ma ina taya shi haɗiyewa a gidan suna da gidan biki. Sai a 'yan shekarun nan aka fara sassautawa, da aka ga yana dawowa da kofi, aka kuma ji sunansa a rediyo. Har wasu iyaye sun yi masa alkawarin 'ya'yansu in ya ajiye gasa ya zauna koyarwa. Wannan gasar ta Abuja ita ce ta ƙarshe, shi ya faɗa da bakinsa, don shekarunsa talatin da shida kuma kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi amsa.

Ridwan kuwa autanmu ne. Yana ɗan shekara tara aka kawo mini shi daga Anka bayan rasuwar Baba, ni na ƙarasa renonsa, Mas'ud ya saka masa raket, abin bugun ƙwallon, a hannu. Yanzu ya kai ashirin da ɗaya, dogo, marar magana, kuma duk wanda ya san wasan ya ce yaron zai yi nisa. Gasar ta ƙwararru ce, har daga Masar da Indiya an zo, amma da aka jefa ƙuri'a sai ta haɗa su su biyu a karon farko. Mas'ud dariya ya yi ta yi a waya da yake gaya mini. Ni ban ga abin dariya ba. Na san Ridwan ne zai ci, shi ma ya sani. Abin da na roƙi Allah kawai shi ne kaye na mutunci, irin wanda mutum zai dawo gida ya shiga masallaci kansa a sama.

Ba a nuna wasan a talabijin. Lambobi ne kawai suke canzawa a waya, kuma lissafin tanis lissafi ne na waɗanda ba su da aikin yi: maki na farko a ce sha biyar, na biyu talatin, na uku arba'in, na huɗu an ci gem ɗaya. Wanda ya tara gem shida ya ci zagaye. Shekara goma sha huɗu na aure sun koya mini shi ko ban so ba.

Inna Marka, mahaifiyarmu, ta zo mana kwana biyu daga Anka. Tana zaune a tabarma a inuwar darbejiya tana tsinke zogale, tana yi kamar ba ta san abin da ake ciki ba.

Mas'ud ne ya fara sabis, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi. Babu da sha biyar, babu da talatin, babu da arba'in, gem na Ridwan. Na ce ba komai, jikin tsoho sai ya yi ɗumi. Gem na biyu ya wuce kafin in gyara itace a murhu, shi ma huɗu babu ko ɗaya. A nan ne na ji sallamar Halliru a zaure. Halliru shi ne mai injin casa, taubashin Mas'ud ne, kuma tun suna yara bai taɓa barin wata dama ta tsokana ta wuce shi ba.

"Uwargida, kina gani kuwa? Takwas! Mijinki ko guda bai samu ba. Ko barci shika yi cikin hili?"

"Ka tai ka kula da injinka," na ce masa.

"Na kashe inji. Mutane sun taru, wagga ta hi casa daɗi."

Na ji muryoyin maza a bayansa suna dariya. Ashe ba ni kaɗai nake kallon lambobin ba.

Da aka kai gem uku da babu na ɗauki ƙaramar wayar Inna na kira Zinatu. 'Yar kawuna ce, ma'aikaciyar jinya a Abuja, ta ɗauki hutun rabin yini don ta je ta kalle su. Na tambaye ta ko kafaɗar ce ta tashi.

"Lafiyarsa lau, Yaya Luba," ta ce da raɗa. "Gudu yake, gumi yake, wallahi yana ƙoƙari. Ridwan ne kamar ba mutum ba. Duk inda ya sa ƙwallo sai ta sauka a kan layi."

"To kar ki kashe. Ki riƙa hwaɗa man."

Na riƙe waya ɗaya a kunne, ɗaya a cinya. Ina jin ƙarar bugu tana zuwa daga nesa, tau, tau, tau, sai shiru, sai muryar alƙali. Kowane shiru sai na riƙe numfashi, kuma kowace lamba ta faɗa ɓangare guda. Halliru na zaure yana sanarwa kamar mai shela. Sha uku. Sha huɗu. Na yi salati, na yi Hasbunallahu, na yi alkawarin sadakar kwano biyu na shinkafa in Allah ya ba bawan nan nasa maki ɗaya tak. Sha shida.

"Yaya, mutane suna baro sauran filayen suna tahowa nan," in ji Zinatu. "Kowa ya ɗaga waya. Wani a kusa da ni ya ce in aka ci gaba a haka za a yi abin da suke kira zagayen zinari."

Na san sunan. Mutum ya ci maki ashirin da huɗu a jere, zagaye guda cur, abokin karawarsa bai ɗanɗana ko ɗaya ba. A wasan ƙwararru da wuya ake ganinsa, sai a yi shekaru ba a ji an yi ba, shi ya sa duk wanda ya yi sai an rubuta sunansa. Kuma ba shi kaɗai ake rubutawa ba. Ana rubuta wanda aka yi wa, a gefensa, har abada. Na hango Mas'ud ya dawo Gummi da wannan a rataye a wuya, na hango iyayen yaran nan suna janye alkawari ɗaya bayan ɗaya, na hango Halliru yana da abin faɗa har ranar da ɗayansu zai rufe ido.

Inna ta ajiye zogale.

"Wai wa ka cin wani?"

"Ridwan ka ci, Inna."

"Dut shi ɗai? Shi mijin naki bai ci komi ba?"

"Ko guda."

Inna ba ta taɓa yabon ɗanta a gaban suruki ba, kuma ko faɗan yara aka yi, nata take fara mari kafin ta tambayi ba'asi.

"Shekara goma sha biyu shina cin tuwon mutum," ta ce, "yau kuma shi tashi shi tsiraita shi gaban jama'a? Ba haka anka rene mu ba. Ko ɗan kokuwa in ya kada babba, shina kama hannunai shi tashe shi. Ina kara? Da wane ido zan dubi yaron ga in ya dawo?"

"Ashirin!" in ji Halliru.

Gem biyar da babu. A nan 'yan wasa suke zama su sha ruwa na minti ɗaya da rabi. Na tashi daga kan turmi ban san na tashi ba.

"Zinatu, matsa kusa da Ridwan. Ki ce mai ni nic ce shi bar ma yayanai guda. Guda ɗai."

"Yaya, ba a yi. An hana a yi musu magana. Kuma in aka gane ya bayar da gangan, hukunta shi za a yi, suna ɗaukar abin kamar sayar da wasa."

"Wa za shi gane? Wa ka jin Hausa cikin alƙalan ga? Ki hwaɗa mai!"

"Yaya, don Allah..."

Sai layin ya ɗauke. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san halin sabis ɗin waya, yana nan ba ya nan, kuma bai taɓa ɗaukewa ba sai a lokacin da ake nemansa. Babbar wayar ma ta tsaya, wani ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya. Na ruga kusurwar katanga ta bayan rumbu inda yakan kama, na taka tsani, na ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho. Na kira, bai shiga ba. Na sake kira. Garin sauri har na danna lambar wata mai kitso.

"Ashirin da ɗaya," in ji Halliru daga zaure, don shi wayarsa ba ta ɗauke ba.

Na sake kira. Wata murya ta ce mini lambar ba ta samuwa, in sake gwadawa an jima. Na zage ta, Allah ya yafe mini.

"Ashirin da biyu."

Wannan karon babu dariya a muryarsa, mazan da ke bayansa ma sun yi tsit. Wannan shirun ya fi tsokanar tayar mini da hankali. In har Halliru ya ji tausayin mutum, to abin ya kai inda ya kai.

Kira na biyar ya shiga.

"Arba'in da babu," in ji Zinatu kafin in buɗe baki. "Saura ɗaya, Yaya. Ridwan ne da sabis."

"Zinatu, in ba ki hwaɗa ba, wallahi ba ni ba ke. Ni nig goya shi, ba shi ƙin maganata. Ki ɗaga murya!"

Ta ɗaga kuwa. Zinatu muryar gidanmu gare ta, irin wadda ake kiran mutum da ita daga wannan gaɓar gulbi zuwa waccan.

"Ridwan! Yaya Luba ta ce ka ji tsoron Allah, ka bar wa mijinta ko guda ɗaya!"

Filin tanis ba filin ƙwallon ƙafa ba ne. Kafin a yi sabis shiru ake yi kamar an tayar da salla. A cikin wannan shirun maganata ta faɗa, na ji ta ta waya ta bugi bango ta dawo. Wani ya yi 'yar dariya. Alƙali ya yi magana da Turanci, da alama cewa ya yi a yi shiru. Sai a lokacin, ina tsaye a kan tsani, abin da ko Hure 'yar shekara bakwai za ta tuna ya faɗo mini: alƙali ne ba ya jin Hausa. Mutumin da ke tsaye a ɗaya gefen ragar da ita aka yi masa huɗuba.

"Mi shika yi?" na ce. "Baban Hure, ya jiya?"

"Ya juyo ya kalle ni," in ji Zinatu, muryarta ta koma ƙasa. "Ya juya. Ridwan yana ta buga ƙwallo a ƙasa, ya ƙi ɗagowa. Yanzu ya jefa... ta fita. Ta fita da nisa."

A tanis sau biyu ake ba mai sabis dama. In ta biyun ma ta lalace, maki ya zama na abokin karawa. Na ce Alhamdulillahi a fili. Na yarda na faɗa, kuma har zuciyata na faɗa.

"Ga ta biyu. Ya jefa. Ya ɗaga ta sama, ta yi tsawo, za ta wuce layi, za ta... La ilaha illallahu."

"Mi? Zinatu, mi?"

"Ya cafe ta."

"Wa?"

"Baban Hure. Ya ja da baya ya miƙa hannun hagu ya cafe ta a sama. Ba ta taɓa ƙasa ba."

Na san dokar. Ƙwallo ko filin gaba ɗaya za ta tsallake, ba a cewa ta fita sai ta sauka. Wanda ya taɓa ta kafin ta sauka, shi ya faɗi. Da Ridwan raga ya saka ta da an gama, amma yaron ya so abin ya yi kama da kuskure, sai ya buga ta da tsawo, ya kai ta har inda hannun malaminsa zai kai. Na ji alƙali ya faɗi sunan gidanmu, na ji ya ce shida da babu, sai tafi ya ɓarke har wayar tana ƙara.

"Ashirin da huɗu," in ji Halliru a hankali. Na ji takunsu suna watsewa, ko sallama bai yi ba.

Zinatu ta ce Mas'ud ya tako har bakin raga, ya kama hannun Ridwan ya danƙa masa ƙwallon, ya faɗa masa wata magana da ba ta ji ba. Ridwan ya koma kujerarsa ya lulluɓe kansa da tawul, kafaɗunsa suna motsi.

Ƙaurin shinkafa ne ya sauko da ni daga tsani. Ruwan ya ƙafe tun tuni, ƙasan tukunyar ya zama gawayi. Na janye itacen na tsaya ina kallonta. Inna ta ɗauki zogalenta ta ci gaba da tsinka.

"Ni dai ban ce ki kira kowa ba," ta ce.

Gaskiya ta faɗa.

Zagaye na biyu ya ƙare shida da uku, shi ma na Ridwan, wasa ya tashi. Makin farko ma Mas'ud ne ya ci, bayan bugu kusan ashirin, Zinatu ta ce mutane har tsaye suka tashi. Abin da na yi wa alkawarin kwano biyu ke nan, ya zo minti huɗu bayan na daina buƙatarsa, kuma ban ji daɗin komai ba.

Kafin azahar hoton bidiyon ya iso Gummi. Maƙwabciyata A'isha ce ta shigo da shi, fuskarta a sake kamar mai kawo albishir, sai da ta ga tawa ta gyara. Ba a ɗauko maki ashirin da ukun ba, wa zai zauna kallonsu? Na ƙarshen aka ɗauko, kuma daga muryar Zinatu ya fara, sunana raɗau a ciki. Da na aiki Hure sayen gishiri ta dawo tana kuka, wai a bakin shago ana ta rera mata "ko guda ɗaya, ko guda ɗaya." Garin neman gira na rasa ido. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da waya a hannu, na kasa kira, na kasa ajiyewa.

Bayan la'asar ya kira.

"Baban Hure, sannu da ƙoƙari," na ce.

"Yawwa."

Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"Luba, ke kinka ce a hwaɗi maganar ga?"

"Ni ta. Tsoro nij ji."

"Tsoron mi?"

"Kar a yi maka dariya. Kar a rubuta sunanka."

"An rubuta," ya ce. "Ni nis sa hannu anka rubuta. Da ƙwallon ga ta taɓa ƙasa, da yanzu ƙanenki na gaban kwamiti shina rantsuwa."

"Ka yi haƙuri. Don kai niy yi."

"Na sani." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Shekara goma sha biyu ina tada yaron ga da asuba don ranar da za shi yi man haka. Duk wadda taw wuce ni yau, na san ranar da nik koya mai ita. Wallahi, Luba, hab bisa ashirin da ukku daɗi nika ji. Aikina nika kallo. Ban san abin tausai ni ke ba sai da nij ji matata na yi man bara."

Hawaye ne kawai suke sauka a kan zanena.

"Ba Inna in gaishe ta," ya ce.

Na fita tsakar gida na miƙa mata. Ta gyara lulluɓi kamar yana ganinta, suka gaisa gaisuwar suruki mai tsawo, gida da gajiya da hanya da ruwan bana. Ta fara ba shi haƙuri a kan Ridwan, ban san me ya ce mata ba, na dai ga ta rufe baki tana dariya, tana sa masa albarka. Sun fi minti goma. Ina tsaye a kanta da hannu a miƙe, ina haɗa abin da zan faɗa masa. Da ta ba ni wayar, ya riga ya kashe.